Tsohon babur na hannu: inda ake cin riba da inda ake sayen wahala

Tambaya: Ni ma'aikaci ne, kullum ina tafiyar kilomita kusan 12 zuwa wurin aiki, kuɗin abin hawa ya fara fin ƙarfina. Abin da na tara bai kai na sabon babur ba. Dillali ya nuna mini guda biyu: wani Honda CG 125 da ya haura shekara goma a hannun mutum ɗaya, da Bajaj Boxer da bai kai shi tsufa ba amma an yi acaɓa da shi. Mene ne amfanin tsohon babur, mece ce illarsa, kuma me zan duba kafin in biya?

Amsa: Malam, kada shekarun babur su zama abin da za ka fara kallo. Babur mai shekara goma sha biyu da aka riƙa canja wa baƙin mai a kan kari yana iya fin mai shekara uku da aka yi ta loda wa buhunan masara lafiya nesa ba kusa ba. Kuma cikin duk abin da ke lalacewa a jikin babur, inji mutane suka fi tsoro, alhali shi yana gyaruwa. Abin da ba ya gyaruwa biyu ne: shasin da ya taɓa karyewa ko ya lanƙwashe, da takardun da ba su da asali.

Amfanin farko kowa ya san shi, kuɗi. Wanda ya fasa kwali shi ya ɗauki faɗuwar farashin farko, kai kuma ka samu a sauke. Tun da darajar naira ta faɗi daga 2023, sabon babur ya yi tashin da ƙaramin ma'aikaci ba ya iya binsa, na hannu ma ya bi shi sama. Wannan yana da ɗan alheri ga mai saye: idan ka riƙe tsohon babur da kyau, ranar da ka tashi sayarwa ba kasafai za ka yi asara mai yawa ba, domin ya riga ya gama faɗuwar da zai yi.

Amfanin da ya fi wannan girma shi ne sauƙin ƙira. CG 125 ɗin da aka nuna maka, Honda ta fito da shi ne a 1975, kuma ta ƙera shi musamman saboda ƙasashen da babur ke shan lodi da ƙura, masu shi kuma ba sa kai shi sabis a kan lokaci. Shi ya sa ba a sa masa sarƙar tayimin ba, wato sarƙar cikin inji da ke sa bawul buɗewa da rufewa a kan lokaci. 'Yan sanduna biyu ne ke tura bawul daga ƙasa, saboda haka ko mai ya yi datti, kan injin ba ya saurin cinyewa kamar na wasu. Boxer kuwa yana da sarƙar tayimin, wadda ke saki idan ta tsufa, amma injinsa ƙarami ne, wajen cc 100, bai kai CG shan fetur ba. Dukansu kafireto gare su, da kik, kuma akasarin irinsu wutar fulogi daga kwayil ɗin cikin inji take fitowa, ba daga batir ba, don haka ko batir ya mutu murus babur zai tashi. Bakaniken ƙauye da sifana uku da sukudireba zai iya kwance injin ya mayar a yini ɗaya. Kayan gyara kuma ba sa wuya. Kamfanonin Sin da yawa sun kwaikwayi injin CG, kayansu na shiga juna, Boxer kuma ya cika ƙasa, daga kasuwar Nnewi har rumfar mai kayan babur ta ranar kasuwar ƙauye za ka samu abin da kake nema. Wannan ne ya sa nake hana mutum sayen tsohon babur mai baƙon suna komai kyansa da arharsa. Ranar da ƙaramin abu ya lalace, sai ya yi wata a jingine.

Akwai ƙananan amfani da ba a cika faɗa ba. Ɓarawo ya fi sa ido a kan sabo mai sheƙi, ko da yake wannan ba dalilin barin sa kwaɗo ba ne. Mai koyo kuma idan ya kayar da tsoho fenti ya goge, ba zai kwana da baƙin ciki ba.

Illar kuwa daga rashin sanin tarihi take farawa. Agogon kilomita kada ka ko kalle shi, wayarsa ta daɗe da tsinkewa ko an cire. Babur ɗin acaɓa yana cin tafiyar da ma'aikaci zai yi shekaru bai yi ba a cikin shekara guda, yana ɗaukar mutum uku da kaya, yana shiga rami da yashi. Tun da Kano ta hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, wasu garuruwan ma suka taƙaita ta, aikin ya fi ƙarfi a hanyoyin ƙauye, inda shasi da shok suka fi shan wuya. Amma a yi adalci, ɗan acaɓan da babur ɗin nasa ne na kansa yakan fi ma'aikaci canja mai, domin shi ne abincinsa. Wanda ake tsoro shi ne babur ɗin haya da ake kawo balas kullum, ya bi hannu uku ko huɗu, kowa na neman ya tatsa ya wuce. Shi ma na mutum ɗaya da ake yabo yana da tasa cutar idan ya daɗe a ajiye: fetur ya bushe a kafireto ya toshe ƙananan hanyoyinsa, tanki ya yi tsatsa daga ciki, robobin da ke tare mai su bushe, taya ta tsattsage alhali zanenta bai cinye ba.

Illa ta biyu ita ce kayan jabu. Tsohon Honda da yawa suna ne kawai ya rage a jikin tanki. An canja fistin, an canja kafireto, an canja kwayil, duk da mai arha, har babu abin da ya saura na asali sai shasi da murfin inji. Kada ka biya kuɗin suna a kan irin wannan. Kai ma bayan ka saya, duk abin da za ka canja mai kaya zai tambaye ka wanne kake so, mai kyau ko na biyu. A fistin da ringi da boris da sarƙa da kayan birki, mai arha tsada gare shi, domin sau biyu za ka biya kuɗin aiki. A madubi da murfin gefe da rigar kujera, sayi na biyu ba komai.

Sai shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, wannan ya zama lissafin kullum. Allurar kafireto da mazauninta suna cinyewa a hankali, fetur ya riƙa wucewa fiye da ƙima, ringi ya saki ƙarfin inji ya ragu, sai ka riƙa murɗa totur da yawa don ka samu gudun da ka saba. Shi ya sa idan aka kawo maka tsohon mai hayaƙi irin Suzuki AX 100 ko Jincheng ɗin da aka kwaikwaya daga gare shi, ka yi tunani sau biyu. Suna da tashi da sauƙin gyara, amma sun fi shan fetur, ga kuɗin man 2T, wanda injinsu ke ƙonawa tare da fetur, a kai, kuma ranar da famfon man nan ya tsaya ba ka sani ba, fistin zai kama a tsakiyar hanya. Ƙara da cewa birkin tsofaffin nan na ganga ne gaba da baya, ba ya kamu kamar na faifai, musamman idan ruwa ya shiga, fitilarsu kuma ba ta da ƙarfi. Ga mai zuwa aiki a kan lokaci, ɓata safiya a wurin bakanike ma asara ce da ba a sa ta a lissafi.

Yanzu ga dubawa. Je da safe, da bakaniken da kai ka ɗauko ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ka ce kada a tayar da babur kafin ka zo. Da isarka sa bayan hannu a jikin inji. Idan da ɗumi, an riga an tashe shi don a ɓoye maka wahalar tashin safe da hayaƙin farko. Zare sandar gwada mai ka murza man a yatsa. Baƙi ba laifi ba ne. Laifi shi ne ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ko ka ji man ya yi kauri yana jan zare, alamar an zuba mai nauyi don a danne ƙara da hayaƙi. Injin da aka wanke tas har yana walƙiya shi ma abin zargi ne, domin wanki yana ɓoye inda mai ke tsatsa. Leƙa ƙasa ka duba ƙusar zubar da mai, idan an naɗe ta da zare ko leda, haƙoranta sun lalace.

Taka kik a hankali da farko. Inji mai lafiya zai tokare ƙafarka a wani wuri kafin ya wuce. Idan kik ya sulale ƙasa ba tokari, ƙarfin matsi ya tafi, ko daga ringi ko daga bawul. In bakaniken yana da ma'aunin matsi, abin da ya gaza psi 100 inji ne mai jiran aiki. Ya kamata ya tashi a bugu ɗaya zuwa uku da cok, ya kuma tsaya a silo ba tare da an riƙe masa totur ba. Tsaya ta bayan salansa. Ɗan farin tururi da sanyin safiya ba komai ba ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Idan a tashin farko kawai ya fito ya ɗauke, robobin bawul ne, aikin kuɗi kaɗan. Idan yana ƙaruwa duk sanda aka murɗa totur, ringi da bulok ne. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, matsalar kafireto ko soson iska da ya toshe. Kwance fulogi ka tabbatar: bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa a bushe shi ne lafiya, baƙi mai laushi kamar toka fetur ne, baƙi mai maiƙo mai ne. Idan ka tarar da fulogi sabo fil a tsohon babur, tambayi dalili.

Sai saurare, kuma a nan ne ake bambanta gyaran arha da na tsada. Ƙaramar ƙara mai kas-kas daga saman inji tafet ne, wato tazarar bawul, saiti kawai yake so, kuma CG dama ba ya rabuwa da 'yar wannan ƙarar. Shuu ko karkaɗa daga gefen Boxer da ke bin gudun inji sarƙar tayimin ce ta saki, ana canja ta ba da kuɗi mai yawa ba. Amma bugu mai nauyi daga ƙasa, ƙwal-ƙwal, da ke fitowa idan aka murɗa totur aka saki, kwanrod ne, wato sandar da ke haɗa fistin da ƙarfen da yake juyawa da ake kira karanshaf, ko kuma boris ɗin karanshaf ɗin. Wannan sai an tsaga inji biyu, kuma shi ne gyaran da ya fi kowanne cin kuɗi. Tambayi mai shi sau nawa aka yi wa bulok borin, wato aka faɗaɗa ramin da fistin ke kai-komo a ciki aka sa wanda ya fi girma. Fistin mai ƙari yana zuwa mataki huɗu, 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00 na milimita. Wanda yake kan 0.25 yana da sauran rai, wanda ya kai 1.00 sai sabon bulok.

Hau ka yi tafiya ta aƙalla minti goma sha biyar, ba zagayen layi ba. Sa babbar giya kana tafiya a hankali, ka buɗe totur gaba ɗaya. Idan ƙarar inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, farantan kuloci sun cinye, gyara mai sauƙi. Idan giya tana fita da kanta ta koma firi, musamman ta biyu, wannan cikin akwatin giya ne, shi ma sai an tsaga inji.

Ga wurin da nake so ka fi daɗewa, shasi. Sa a ɗaga kujera da tanki, ko da mai shi ya ɓata rai. Duba wuyan babur inda kai ke juyawa, da bututun da ke ƙarƙashin tanki, da inda shok ɗin baya ke ɗaure, da wajen kariyar ɗora kaya. Waldar kamfani a jere take sumul, ta bakin titi kuwa tudu-tudu ce, galibi an shafe ta da sabon baƙin fenti da ya fi na kewayensa sheƙi. Walda a kariya ko wurin taka ƙafa ba matsala. Walda a wuya ko a bututun tsakiya, juya ka tafi, komai arha, domin ranar da zai sake karyewa kana kai ne kana gudu. Don gane lanƙwasa, jiƙa tayoyin da ruwa, ka tura babur a miƙe a kan siminti busasshe. Sawun ya kamata ya zama layi ɗaya, ta baya a kan ta gaba. Idan layi biyu ne a jere, ko dai saitin tayar baya ya karkace, wanda ake gyarawa nan take, ko shasi ya murɗe. A gyara saitin a sake gwadawa. A hanya mai kyau kuma sassauta riƙon kai kaɗan, babur mai lafiya ba ya ja gefe.

Kafa shi a kan tsayuwar tsakiya, a danne baya tayar gaba ta tashi, ka juya kai hagu da dama. Idan yana ɗan maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya yi rami. Kama kowace taya ka girgiza gefe da gefe, motsi yana nufin boris, a baya kuma yana iya zama robobin hannun da ke riƙe tayar. Bututun shok na gaba kada ya kasance da maiƙo ko tabon tsatsa. Ja sarƙa daga bayan farantin haƙoranta na baya, idan ta ɗago har rabin haƙori ya bayyana, ta gama aiki, haƙoran da suka yi tsini suka karkata su ma haka. A gefen taya akwai lamba huɗu da ke nuna makon da aka yi ta da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar ko shida robarta ta bushe ko da zanenta na nan. Wuta kuma a gwada da mita: batir mai kyau yana nuna wajen volt 12.6 a kashe, idan aka ɗaga totur ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Wayarin da ya cika da ƙulli da salatif zai riƙa ƙona maka ƙwan fitila.

Takardu kada ka yi musu sassauci ko mai sayarwa ɗan unguwarku ne. Lambar inji tana jikin inji ta hagu kusa da giya, ta shasi kuma galibi a wuya. Goge su ka karanta harafi-harafi, ka haɗa da rasit na asali da takardun rajista. Idan wurin lambar ya yi santsi kamar an goga, ko haruffan ba su daidaita ba, ka bar shi. Wanda aka kama da babur ɗin sata a hannu, babur ya tafi, kuɗi sun tafi, ga zaryar ofishin 'yan sanda. A rubuta yarjejeniyar ciniki da sunan mai sayarwa da lambobin nan biyu da kuɗin da aka biya, shaidu biyu su sa hannu, ka riƙe kwafin katin shaidarsa. La'adar dillali a yanke ta tun kafin ciniki ya faɗa. In mai shi ya yarda a sa sharaɗin kwana biyu ko uku na mayarwa idan wani ɓoyayyen aibi ya fito, alama ce mai kyau a kansa.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kuɗin saye. Ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na gyaran makon farko, domin ko an rantse maka an yi sabis jiya, ka sake. Zubar da mai inji na da ɗumi, ka zuba sabon baƙin mai na babur mai lamba 20W-50, kusan lita ɗaya, ka tabbatar da sandar gwaji. Nemi mai alamar JASO MA a jikin galan, saboda kulocin babur a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota kuma suna sa shi santsi. A CG, bayan murfin zubar da mai akwai 'yar raga da sifirin, a wanke ta. Akwai kuma wani kofin tace mai a ƙarƙashin murfin kuloci da ke tara dattin da ya daskare kamar laka, bakanike da yawa ba sa buɗe shi sai an ce su buɗe. A saita bawul inji na sanyi, 0.08 na milimita a CG, da ma'auni, ba da kunne ba. Tazarar bakin fulogi 0.6 zuwa 0.7. Soson iska a wanke da kananzir, a matse ba murɗawa ba, ya bushe, a ɗiga masa ɗan baƙin mai a sake matsewa. Da hunturu a yawaita wankinsa, domin ƙurar da ta wuce soso ita ke cinye ringi, kuma kada ka yarda a cire shi wai don babur ya ƙara gudu. Sarƙa da farantanta biyu tare ake canja su, sabuwa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. A bar mata sakin santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, ɗaurewa tamau yana kashe boris. Daga nan canjin mai duk kilomita 1,000 zuwa 1,500, wato kusan duk wata biyu a irin tafiyarka. Fetur ɗin 'yan bumburutu ka rage shi iya iyawa, ka kuma sa ƙaramar matata a tiyon da ke tsakanin tanki da kafireto.

A tsakanin biyun da aka nuna maka, idan dukansu sun tsallake gwajin shasi da na takardu, na fi karkata ga CG ɗin, saboda mai shi ɗaya ne za ka iya zama da shi ka tambaye shi, kuma injin yana jure sakaci. Boxer zai rage maka kuɗin fetur, amma sai in ɗan acaɓan shi ne mai shi tun daga kwali, ƙasan injin shiru, borin bai wuce 0.50 ba, shok ɗin baya kuma bai zauna ba. Duk aibin da bakanikenka ya gano, a tambayo kuɗin kayansa a kasuwa a ranar, a haɗa da kuɗin aiki, ka cire jimlar daga farashin da aka sa maka kafin ka yi tayi. A cikin abin da ya rage ka fitar da kuɗin hular kwano da kwaɗo mai kauri.